Kunnen da Muka Dasa a Bakin Rijiya

Ina kan keken ɗinki a rumfata ta kasuwar Sabon Birni, ina haɗa hannun wata taguwa, sai wani mai jaki ɗan ƙauyenmu ya tsaya a kaina. Ko sallamar kirki bai yi ba. Ya ce in yi haƙuri, rijiya ta rufta da wana tun jiya da hantsi.

Tun jiya! Na miƙe har keken ya kusa kifewa. Na ce tun jiya mutum yana ƙarƙashin ƙasa sai yau ake gaya mini, ni bare ne a gidan? Ya ce wallahi kowa hankalinsa na wajen tono, ba wanda ya tuna da aike sai da aka haƙura. Na ce aka haƙura da me? Ya sunkuyar da kai ya ce ai an yi masa salla ɗazu da safe. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na koma na zauna ina kallon allurar keken tsaye cikin yadi, na kasa tuna yadda ake ɗaga ta.

Wannan a shekarun farin nan ne da suka biyo bayan shigar alif ɗari tara da tamanin. Gulbi ya bushe har amalanke na bin tsakiyarsa. Gero ya fito ya ƙone bai wuce idon sawu ba. Mutane suka koma cin anza, ita kuwa anza ba ta ciyuwa sai an jiƙa ta ana sauya mata ruwa kwana da kwanaki har ɗacin ya fita, ga shi ruwan ne babu. Saboda haka a ƙauyenmu, can gefen Unguwar Lalle, rijiya ɗaya da ta rage ita ce cin gari da shansa. Da ta fara ba da laka, wana ne ya shiga don ya ƙara mata zurfi, domin ginar rijiya sana'ar gidanmu ce. Babanmu ya yi ta har gwiwoyinsa suka gaza, wana ya gada. Ni kaɗai na gudu na kama almakashi, don ko leƙa rijiya na yi sai kaina ya juya.

Rumfar da ke manne da tawa ta wani mai gyaran rediyo ce. Mutum ne mai surutun tsiya, wallahi rediyon da yake gyarawa ma ba ta kai shi magana ba. Ya taɓa zama Maraɗi ya yi aiki da masu kula da famfon gari, kuma kullum sai ya ba mu labarin yadda suke bin titi da sandar ƙarfe a kunne suna sauraron inda bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa. Mu kuwa mu yi ta ce masa injiniya, muna cewa ya saurara mana ko damina na tafe. Ranar shi ya rufe rumfarsa ya rufe tawa, ya rataya jakar kayan aikinsa, ya tada babur ya ce in hau. Ban roƙe shi ba.

Da muka isa, abin da na fara gani tabarmi ne a ƙofar gidanmu, mutane zaune ana karɓar gaisuwa. Can gaba kuma, inda rijiya take, sai wani kwarin yashi da aka lulluɓe da ƙaya. A wajenmu haka ake yi tun kakanni. Idan rijiya ta ci mai ginarta aka kasa fito da shi, to ita ce kabarinsa. Liman ya tsaya a bakinta a yi salla, a rufe ta da ƙaya saboda dabbobi, a je a nemi wani wuri a fara sabuwa. Na san da wannan al'ada tun ina ƙarami, amma ban taɓa kawo wa raina cewa za ni gan ta a kan ɗan uwana ba.

Na durƙusa gaban Baba. Idonsa a bushe ƙamas, muryarsa ce kawai ta canza. Ya ce tsohon ginin sama ne ya saki, itacen da kakanni suka jera gara ta cinye shi, fari kuma ya tsattsage lakar da ke riƙe da shi. Sun yi tono tun hantsi har la'asar. Sai gefen ramin ya sake zubowa, ya binne wani magidanci maƙwabcinmu har wuya, da ƙyar aka zaro shi.

Ya ce, “Nan nic ce a bari. Na ga rijiyar da ta ci mutum ba ɗaya ba, ba biyu ba. Yashin ga ba ya barin mai rai. Ba ni ba da ɗiyan mutane don gawa.”

Mai rediyo yana tsugune a bayana. Ya yi gaisuwa yadda ta kamata, sannan bakin nan nasa da ba ya iya zama shiru ya ce, “Baba, kun saurara kuwa?”

“Mun saurara.”

“Da mi kunka saurara?”

Baba ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce da kunnen da Allah ya ba shi. Ya kifa ƙwarya a kan yashin ya ɗora kunne, ya kafa taɓarya ya ɗora kunne, ya kira sunan ɗansa har muryarsa ta dushe, bai ji ko motsin ƙwaro ba. Mai rediyo ya ce ai yashi haɗiye ƙara yake yi, ko ganga ake bugawa a ƙasa ba za ta fito ba, ƙarfe ne ke ɗauko ta. Sannan ya tambaya ko rijiyar tana da zoben siminti. Aka ce tana da shi, amma can ƙasa kawai, ma'aikata ne suka zuba shekarun baya suka tafi ba su ƙarasa ba. Ya ce to mutumin a cikin zoben yake aiki ko a samansa? Wani ya ce a ciki.

Baba ya ce, “Yaro, kai baƙo ne. An yi salla. Kada ka maida muna ciwo ɗanye.”

Ni mutum ne mai saurin hawa, duk gidanmu an sani, amma ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce rijiyoyin da ya sani na itace ne da laka, wannan tana da siminti, kuma ko ya yarda ko bai yarda ba za ni janye ƙayar nan da hannuna. Dattawa suka yi caa, haba, haba, a gidan makoki? Baba ya ɗaga musu hannu. Ya ce mu je mu yi abin da za mu yi, amma kada matar wana ta ji, don an riga an sa ta takaba, ba za a kashe mata miji sau biyu ba.

A bayan masallaci akwai ragowar rodin da ma'aikatan nan suka bari, dogo, ya yi tsatsa, mata na shanya a kansa. Muka ɗauko shi muka miƙar. Matsalar ita ce inda za a soka shi ya sauka daidai kan leɓen zoben, don bakin rijiyar ya ɓace gaba ɗaya. Muna ta gardama sai ga Baba ya taho yana dogara sanda. Ya auna daga tsohon turken da ake ɗaure igiyar guga, ya dangwala sandarsa ya ce, “Nan.” Muka shimfiɗa ƙyauren ɗaki muka tsaya a kai don kada yashin ya tafi da mu, muka dinga murza rodin muna dannawa. Ya yi ta shiga, ya yi ta shiga, har na fara cewa ba shi da iyaka. Can sai ya ce ƙwar, ya tsaya.

Na riga kowa ɗora kunne a kan ƙarfen. Kai, abin da na ji ba ya misaltuwa. Iska na shuu, yashi na gogar rodin, takun mutane, dakan wata mata can ƙarshen gari, da bugun jinin kaina. Komai yana ciki, a cakuɗe. Na ce wa mai rediyo ga irinta nan, wannan shi ne aikin Maraɗin? Ya ce in rufe masa baki. Ya ce ƙarfe ba ya zaɓe, duk abin da ya taɓa shi sai ya kawo. Aikinmu biyu ne yanzu, mu toshe wa rodin abin da ba mu so, mu kuma yi masa abin da zai kumbura ɗan abin da ke zuwa daga ƙasa.

Abin da ya yi daga nan ya ba ni tsoro, domin a nan na gane da gaske yake. Babur ɗin nan nasa ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai. Ya zaro wuƙa ya farke kujerar, ya ciro soson ciki gaba ɗaya. Ya kwance tayar baya ya fitar da robar ciki ya yayyanka ta tsiri-tsiri. Ya cire tiyon mai, ya busa shi, ya wanke da ɗan ruwan da wata tsohuwa ta ba shi tana gunaguni. Duk inda rodin ya fito sarari ya naɗe shi da soso ya ɗaure da roba, har inda ya shiga yashi, don iska ta daina lasarsa. Ya ce soso da roba su ne kurame a cikin kaya, ƙara in ta shiga cikinsu mutuwa take yi.

Sannan ya fito da gwangwanin madara daga jakarsa ya fasa gindinsa. Ya ce a nan za a ɗaure wani abu mai laushin ji, kamar tantanin da ke cikin kunnen mutum, kan rodin ya taɓa shi a tsakiya. Aka gwada leda, ta yi taushi, ba ta kawo komai ba. Aka gwada murfin gwangwani, ya yi kauri. Makaɗin gari ya kawo fatar kalangu da kansa, aka ɗaure, mai rediyo ya saurara ya girgiza kai, ya ce fata tana da kukanta na kanta, guɗa take yi ta rufe abin da ake nema. Rana ta take, gumi na zuba, ni kuwa duk gwajin da ya faɗi sai in ji kamar ni nake danne wana da ƙasa.

Ya ce, “Abin da nike so siriri ne, mai tauri, wanda ba ya miƙewa. Irin baƙin hoton ga na asibiti. Da shi munka gyara sandarmu ta saurare a Maraɗi.”

Wana ya taɓa yin tari mai tsanani saboda ƙurar rijiya, aka kai shi Sakkwato aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Ya dawo da shi yana nuna wa kowa haƙarƙarinsa yana dariya. Kuma na san inda hoton yake, a ƙasan akwatin matarsa, wadda Baba ya ce kada ta ji.

Na shiga gida. Tana zaune a ƙuryar ɗaki, an kwance mata kitso, tsofaffi sun kewaye ta. Na yi mata gaisuwa, na ce ta ba ni hoton ƙirjin Yaya. Ta ɗago ta dube ni.

“Mi za ka yi da shi?”

Na so in yi ƙarya, wallahi na so, amma ban sami ko ɗaya da za ta shiga ba. Na ce saurare za mu yi. Ta ce sauraron wa? Na ce Yaya. Tsofaffin suka hau salati, wata ta ce mini ɗan banza marar tausayi. Ita kuwa ba ta yi kuka ba. Ta jawo akwatin ta zazzage shi a ƙasa, ta ɗauko hoton, ta yafa zane ta wuce ni ta fita. Suna kiranta, ke, ke, takaba kike! Ko waiwaye ba ta yi ba.

A bakin rijiya mai rediyo ya ɗaga hoton ga rana yana neman inda bai lanƙwashe ba. Sai ga haƙarƙarin wana ɓaro-ɓaro, da ƙashin wuyansa, a gaban jama'a, alhali shi yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Wasu suka kau da kai. Ya zana da'ira da ƙusa ya miƙo mini, ya ce ni ne tela. Almakashina yana aljihu, da shi na taho ban sani ba. Na yanka yadi iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa yin yanka mai wuya irin na ranar ba, ina yanka tsakiyar ƙirjin ɗan uwana matarsa na kallo.

Ya ɗaure da'irar a gindin gwangwanin da roba, ta yi tam. Ya nemi maɓalli, na tsinke na wuyan rigata. Ya manna shi a tsakiyar hoton da narkakken kyandir, don kan rodin ya zauna a kai. A cikin gwangwanin ya jera kwalaye da ya yanka, kowanne da huda a tsakiya, na farko babbar huda, na bayansa ƙarama, har na ƙarshe da bai fi bakin tiyon ba. Ya ce kamar mazurari ne, abin da ya bazu ya taru wuri ɗaya. Ya soka tiyon a sama ya toshe gefensa da kyandir, ya naɗe gwangwanin duka da ragowar soso. Abin ya fito mummuna ƙwarai, da a kasuwa ne da mun yi mako muna yi masa dariya.

Saura shiru. Mai gari ya aika a gaya wa mata su aje taɓarya, a rungume jarirai, kowa ya zauna inda yake, kada wanda ya taka ƙasa. Na ɗauka abin zai yi wuya. Ashe fari ya riga ya yi mana rabin aikin. Babu saniya da za ta yi kuka, babu zakara, awakin da suka rage ba su da ƙarfin buɗe baki, ko tsuntsu babu a kan bishiya. Tunda aka haife ni ban taɓa jin garinmu haka ba.

Mai rediyo ya durƙusa a kan ƙyauren, ya sa tiyon a kunne ɗaya ya toshe ɗayan da yatsa, ya rufe ido. Muka zuba masa ido. Ya daɗe. Sai na ga leɓensa ya saki, fuskarsa ta yi fari fat. Mutumin da ba ya gajiya da magana sai ya miƙo mini tiyon kawai.

Da farko zuciyata kaɗai nake ji. Ya yi mini alama in riƙe numfashi. Na riƙe. Can nesa, nesa ƙwarai, ƙasa da motsin gara a cikin azara, sai na ji ƙwas. Shiru. Sai ƙwas kuma. Subhanallahi! Na ce a raina ko yashi ne ke zama, ko dutse ne ke faɗuwa, ko haukacewa nake yi. Na juya na dubi Baba, na yafuto shi da hannu.

Ya rarrafo kan ƙyauren da gwiwoyin nan nasa. Na sa masa tiyon a kunne. Ya saurara, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya ce a ba shi ƙusa. A sana'arsu, in rijiya ta yi zurfi murya ruɗewa take yi kafin ta iso sama, don haka da bugu suke magana. Bugu a hankali yana nufin a ja, bugu da sauri a jere yana nufin a tsaya, akwai kuma wanda na sama ke yi don tambayar na ƙasa ko lafiya. Baba ya ɗage soson kaɗan ya buga wa rodin wannan na tambaya, ya mayar da tiyon kunne.

Ban ji abin da ya ji ba, amma na ga lokacin da ya ji shi. Tiyon ya suɓuce daga hannunsa. Ya ce, “Shi ne. Ya amsa. La ilaha illallahu, na yi ma ɗana salla da ranshi!” Sai ya faɗi gefe kamar buhun da aka saki, aka tallabe shi. Matar wana ta ƙwalla ƙara ɗaya, ta toshe bakinta da zane da kanta, don ta tuna an ce a yi shiru. Liman ya cire rawaninsa ya aje a ƙasa, ya ce a ba shi shebur.

Jama'a suka afka wa ramin kamar mahaukata, kowa da abin da ya samu, har da ƙwarya da hannu. Mai rediyo ya danna ni a kan ƙyauren ya ce kada in cire tiyon daga kunne ko mi za a yi. A cikin hayaniyar nan ba na jin komai, sai da na yi ihu aka dakata. Da aka yi shiru sai na ji bugun ya canza, ƙwas-ƙwas-ƙwas-ƙwas, da sauri, ba tsayawa. Na gaya wa Baba. Ya zabura ya ce a tsaya yake cewa, ku sauka daga kanshi, kuna zuba mishi ƙasa! Ashe duk taku ɗaya da aka yi a sama, yashi ne ke tsiyaya ta kafofin da yake samun iska.

Baba ne ya tsara yadda za a yi, yana zaune don ba ya iya tsayuwa. Ya ce a koma nesa a fara gangara mai faɗi, a nufo zoben daga gefe, ana tafiya ana tokare bangon. Da me za a tokare? Mutane suka ciro ƙyamaren ɗakunansu. Aka rushe rumbuna aka kwaso itacen gindinsu, ai dama babu ko zangarniya a ciki. Labari ya kai ƙauyukan kewaye, har daga wajen Gangara mutane suka zo da diga, mutanen da rabonsu da ƙoshi an daɗe. Mutum ya yi sara kaɗan jiri ya kwashe shi, a janye shi wani ya karɓa. Haka aka yi ta yi har gari ya sake wayewa.

Ni aikina saurare. Lokaci-lokaci in ɗaga hannu, kowa ya sandare, in buga rodin in jira. In ya amsa in ce yana nan, a ci gaba. Wannan aikin ban yi wa maƙiyina fatansa ba. Bugun yana raguwa ina ji, tazarar tana ƙaruwa ina ji, kuma ni kaɗai ke ji. Matarsa na zaune nesa kaɗan ba ta kallon masu tono, ni take kallo. Da hantsi na buga, shiru. Na sake bugawa, shiru. Na ce wa mai rediyo abin nan ya lalace. Ya duba, ya ga zafi ya narkar da kyandir, maɓallin ya goce. Ya gyara yana zagin kansa. Na mayar kunne na jira har na fid da rai, sannan na ji wani ɗan ƙwas guda, wanda da ƙwarya ko taɓarya ko shekara za a yi ba za a ji shi ba. Na ce yana nan, amma don Allah ku yi sauri.

Kafin azahar diga ta taɓa siminti. Aka fasa gefen zoben a hankali. Abin da aka tarar shi ne, rabin duron da ake fitar da ƙasa da shi ya faɗo tare da tsofaffin itatuwa, suka giciye a bakin zoben suka yi masa rufi. Yana ƙasansu a takure, yashi ya kai masa ƙugu, ƙafa ɗaya a karye, dagin ginarsa a hannu. Da aka zo karɓar dagin sai da aka ɓamɓare yatsunsa ɗaya-ɗaya. Bakinsa duk laka, ita ya yi ta tsotsa.

Aka fito da shi a kan ƙyaure, fari fat da ƙura, aka rufe masa ido da ƙyalle saboda rana. Ba wanda ya yi guɗa, ba wanda ya yi kabbara da ƙarfi. Mutanen da suka yi sahu suka sallace shi suna tsaye cirko-cirko, kowa na tsoron matsowa. Matarsa ce ta durƙusa tana ɗiga masa ruwa da bakin zane. Mai rediyo ya koma gindin babur ɗinsa da ya zama gawa ya zauna, ya rufe fuska da hula yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Aka kawo Baba aka zaunar kusa da kansa. Ya ɗora hannu a goshinsa ya kira shi. Leɓen wana ya motsa. Muka sunkuya ni da Baba, don muryar ba ta fi numfashi ba.

Ya ce, “Baba, na ji kuna gina.”

Baba ya ce, “Awo, muna gina.”

“Ba na yau ba. Na farko.” Ya haɗiye miyau da ƙyar. “Ina ta jin ku, kuna matsowa. Kuma na ji sa'ad da kunka bari.”

Ba da faɗa ya faɗe shi ba, ba da kuka ba. Kamar mai ba da labarin abin da ya gani a hanya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na dubi Baba ina roƙon Allah ya yi shiru, ko ya ce yashi ne ya kore su, ai gaskiya ce. Amma Baba ba ya iya kwana-kwana.

Ya ce, “Ni nic ce a bari.”

Wana ya laluba ya kamo hannun Baba da yatsun nan nasa da suka ƙage.

Ya ce, “Na sani. Tun ina ciki na san kai ne. Ba mai iya tsaida su sai kai.”

Aka ɗaga ƙyauren aka nufi gida da shi, jama'a suka bi. Baba bai tashi ba. Na ce ya kama kafaɗata mu tafi, ya ce in je, yana zuwa. Da na kai ƙofar gida na waiwaya, yana nan zaune a bakin ramin shi kaɗai cikin rana, ga tabarmin gaisuwa ana naɗewa a bayana.